Dandalin Karnuka a Ƙasashen Turawa: Dokokinsa da Halayen Masu Shigarsa

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya daɗe da sanin kare, amma bai saba ware masa wurin shaƙatawa ba. Karen da ya sani ko dai na farauta ne, ko na gadin gida da garke, ko kuwa na kan bola wanda ba shi da ubangiji. Malamai ma a inda suka yi rangwamen ajiye kare, sun ɗaure abin ne da wata bukata, watau farauta ko tsaron dabbobi ko na gona. Saboda haka in aka gaya wa mutumin Kano ko na Katsina cewa akwai biranen da hukuma takan yanki fili, ta kewaye shi da waya, ta ja masa famfo, domin kawai karnuka su je su yi guje-guje, ba mamaki ya yi dariya ya ce abin na ƙosassu ne. Dariyar tana da dalilinta, sai dai a bayan wannan fili akwai wata matsala da ta cancanci nazari, watau yadda za a tara dabbobi masu haƙora, waɗanda ba su san juna ba, a wuri guda, a kwance musu igiya, kuma a watse ba tare da an yi kare jini biri jini ba.

An zaɓi a kira wannan fili "dandali" domin kamarsa da dandalin da aka sani a ƙasar Hausa. Dandali ba na kowa ba ne, kowane yaro kuwa da tarbiyyar gidansu yake zuwa, kuma a nan ake gane ɗan da aka kwaɓa da wanda aka sangarta. Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, dokokin da akan rubuta a allo a bakin ƙofar irin wannan dandali suna iya tsare karnuka daga cuta da ɓata, amma ba su isa su hana faɗa ba. Abin da ke hana faɗa shi ne kowane mai kare ya san halin karensa.

2.0 Asalin Dandalin

A manyan biranen Amurka doka ta hana a saki kare a titi. A birnin New York, alal misali, tilas ne kare ya kasance ɗaure da igiyar da ba ta wuce ƙafa 6 ba. Karnukan kuwa da yawansu a ɗakunan benaye suke kwana, inda babu tsakar gida balle bayan gari, ubangijinsu kuma ya fita aiki tun safe. Karen da ya wuni a kulle bai yi gudu ba yakan dami maƙwabta da haushi, ya tattauna takalma da kujeru. Sai masu karnuka suka riƙa satar ido suna sakinsu a lambunan shan iska na jama'a, su kuma masu yara da tsofaffi da masu tsoron kare suka riƙa kai ƙara.

A cikin wannan ja-in-ja ne aka sami dandali na farko da aka fi ambata, a garin Berkeley na Jihar Kalifoniya a 1979. Fili ne da aka share lokacin da ake aikin jirgin ƙasa na ƙarƙashin ƙasa, mutanen unguwa suka mayar da wani yanki nasa wurin sakin karnuka, aka kira shi Ohlone, watau sunan mutanen da ke zaune a yankin tun kafin zuwan Turawa. New York ta buɗe nata na farko a lambun Tompkins Square a 1990. Har ila yau birnin yana da wata dabara ta raba lokaci maimakon raba wuri, inda a wasu lambuna ake barin a saki kare daga ƙarfe 9 na dare zuwa ƙarfe 9 na safe, aka kuma shigar da wannan cikin doka a 2007. Daga nan za a gane cewa tun farko dandalin sulhu ne tsakanin mutane, tsakanin mai son kare da wanda ba ya son kare ya raɓe shi.

3.0 Fasalinsa da Dokokinsa

Ƙungiyar American Kennel Club, wadda aka kafa a 1884, ta ba da shawara cewa dandali ya kai eka guda ko fiye, a kewaye shi da shingen waya mai tsawon ƙafa 4 zuwa 6, kuma a yi masa ƙofa biyu, ɗaya a bayan ɗaya. Wannan ƙofa biyu ita ce ta fi kome muhimmanci a ginin, kuma wanda ya san aikin zaure a gidan Bahaushe ba zai sha wuyar fahimtarta ba. Mutum yakan buɗe ta waje ya shiga da karensa wani ɗan tsakani, ya rufe, ya kwance igiya, sa'an nan ya buɗe ta ciki. Amfani na farko a fili yake, watau kada na ciki su sulale su faɗa titi mota ta take su. Amfani na biyu shi ne wanda baƙo bai cika lura da shi ba. Kare ɗaure a tsakiyar sakakku ya fi kowa hatsari, domin in sun yanyame shi ba shi da halin ja da baya, igiyar kuma in ta ɗame takan ɗaga masa wuya da ƙirji har ya yi kama da mai neman faɗa alhali tsoro ne ke cinsa. Karen da aka toshe wa hanyar gudu kuwa cizo ne kawai ya rage masa. Don haka ake cewa a kwance igiya a zaure, amma mai kare ya riƙe ta a hannu har ya fita.

Dokokin lafiya su ne suka fi tsauri. Ba a shiga da kare sai yana da lasin da shaidar allurar rigakafi, musamman ta ciwon hauka. Yawancin dandaloli ba su yarda a kawo kwikwiyon da bai kai wata 4 ba, domin sai wajen mako 16 yake gama karɓar alluransa na farko. Babban abin da ake jiye masa shi ne wata cuta ta amai da zawon jini mai suna fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978 ta kashe karnuka masu ɗimbin yawa. Ƙwayar wannan cuta a kashi take fita, kuma tana iya yin watanni a cikin ƙasa ba ta mutu ba, saboda haka kwikwiyo na iya ɗaukarta a wurin da mai ciwon ya daɗe da barinsa. Wannan shi ne dalilin da ya sa kwashe kashin kare nan take ya zama wajibi a kan ubangijinsa, ban da zancen tsutsar ciki da wari. Jihar New York ta kafa dokar kwashe kashi tun 1978. A 2015 kuma wata mura ta karnuka ta ɓarke a Shikago ta kama fiye da 1,000, likitocin dabbobi suka gargaɗi mutane su ƙaurace wa dandali har ta lafa.

Sauran dokokin duk suna komawa ne ga kawar da abin da ke haddasa rigima. Ba a kawo karya a lokacin da take neman barbara, abin da kan same ta kamar sau biyu a shekara na tsawon mako biyu zuwa uku, domin warinta kaɗai ya isa ya haɗa maza faɗa. Wasu wuraren ma sun hana namijin da ba a fiɗiye ba. Ba a shiga da abinci, na mutum ko na kare. Akan cire wa kare abin wuya na sarƙa ko mai ƙayoyin ƙarfe, saboda haƙorin abokin wasa na iya maƙalewa a ciki, ɗaya ya shaƙe ɗaya ya karye muƙamuƙi. Akan taƙaita yawan karnukan da mutum ɗaya zai shiga da su, galibi biyu ko uku. Ƙananan yara kuwa ko dai a hana su shiga ko a ce sai da babba, domin yaro gudu yake yi yana ihu, fuskarsa kuma daidai take da bakin kare. A ƙarshen allon akan rubuta cewa duk ɓarnar da kare ya yi tana wuyan ubangijinsa.

Akwai doka ɗaya da kusan kowane allo ke ɗauke da ita, wadda ke cewa ba a yarda a kawo mafaɗacin kare ba. Ita ce mafi rauni a cikinsu, domin da wuya a sami mai gadi a bakin ƙofa, kuma da wuya a sami mutumin da zai yarda cewa nasa ne mafaɗacin.

4.0 Halayen Karnuka

Hanya mafi sauƙi ga hukuma ita ce ta yi hukunci da jinsi. Haka Birtaniya ta yi a 1991 lokacin da ta kafa dokar karnuka masu hatsari, wadda ta kai ga haramta jinsi huɗu, ciki har da fitbul da Tosa na Japan. Daga farkon Fabrairun 2024 kuma aka haramta mallakar wani jinsi mai suna XL Bully a Ingila da Wales sai da takardar izini, kuma ba a fita da shi sai da igiya da takunkumi. Ba a musun cewa ƙarfin muƙamuƙi da girman jiki suna bin jinsi, kuma cizon ƙato ba ɗaya yake da na ƙarami ba. Amma hali wani abu ne dabam. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2022, wanda ya tattara bayanin karnuka fiye da 18,000, ya gano cewa jinsi bai bayyana fiye da kimanin kashi 9 cikin 100 na bambancin hali tsakanin kare da kare ba. Wanda ya dogara da jinsi kawai zai kori mai haƙuri ya buɗe wa mugu ƙofa.

To, daga ina hali yake samuwa? Masana biyu, John Paul Scott da John Fuller, sun shafe shekara 13 suna kiwon jinsi biyar na karnuka a Bar Harbor ta Jihar Maine, ciki har da basenji na ƙasar Kwango, suka buga sakamakonsu a 1965. Sun nuna cewa gado yana da nasa rabo, amma akwai wani ɗan lokaci, daga wajen mako 3 zuwa mako 12 da haihuwa, wanda abin da kwikwiyo ya saba da shi a ciki yakan bi shi har tsufa. Wanda bai cuɗanya da mutane ko 'yan'uwansa karnuka a wannan tsakani ba yakan tashi da ɗari-ɗari. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A nan akwai abin lura, domin lokacin sabon yana ƙarewa ne kafin kwikwiyo ya kai wata 4 da za a bar shi ya shiga dandali. Watau dandali ba makarantar koyon zama da jama'a ba ce, wurin da ake gwada abin da aka riga aka koya ne a gida. Mutumin da ya kai matsoracin kare can da nufin ya saba, sau da yawa sai ya komo da shi ya fi da tsoro.

Karen da dandali ya fi dacewa da shi shi ne matashi mai son wasa, wanda in an yi masa gurnani yakan ja da baya, in ubangijinsa ya kira shi kuma ya zo. Irin wannan yana da wata alama da Marc Bekoff ya yi nazari a kanta, watau ya kwantar da ƙirji da ƙafafun gaba a ƙasa ya ɗaga gindi sama, abin da ke sanar da abokinsa cewa duk cizon da zai biyo baya na wasa ne. Wasan gaskiya ana gane shi da karɓa-karɓa. Wanda ya kori wani yanzu, an jima shi ake kora, wanda ya danne kuma sai ya kwanta a danne shi, suna yi suna tsayawa su huta. In aka ga kullum ɗaya ne a ƙasa, ko karnuka uku sun tasa ɗaya a gaba, to wasa ya ƙare, cin zali ne ya fara. Masu horar da karnuka suna da wata hanyar gwaji mai sauƙi: a riƙe wanda ke kora, a saki wanda ake kora. In ya dawo yana neman a ci gaba, wasa ne. In ya gudu ya ɓuya a bayan ƙafafun ubangijinsa, ya ba da amsa.

Matsoraci shi ne wanda aka fi zalunta, domin maganarsa a hankali take kuma mutane ba su cika jinta ba. Yakan yi hamma ba barci yake ji ba, ya riƙa lasar leɓe, ya kau da kai har farin idonsa ya bayyana, ya cusa wutsiya tsakanin cinyoyi. Sai waɗannan duka sun wuce ba a kula ba yake yin gurnani, kuma kuskure ne babba a doke shi saboda gurnanin, domin karen da aka hana gargaɗi cizo zai yi babu sanarwa. Kaɗa wutsiya ma ba kullum ne alamar murna ba. Wutsiyar da aka ɗaga sama ƙiƙam ana kaɗa ta sauri-sauri, jiki a sandare, gashin doron baya a tsaye, ta mai shirin kai hari ce. Domin irin waɗannan karnuka masu bukatar a ba su sarari, da masu jinya da tsofaffi, aka ƙirƙiro wata alama a ƙasar Suwidin a 2012, ta ɗaura ƙyalle ruwan ɗorawa a igiyar kare, ma'ana kada a matso.

Akwai kuma mai rowa, wanda ba shi da laifi sai an zo kusa da ƙwallonsa ko kwanon ruwa, wani lokaci ma ubangijinsa ne yake yi wa rowar. Akwai mai jinin farauta, wanda shi ne dalilin da ya sa ake raba dandali gida biyu, na manya da na ƙanana. Ƙaton kare yana iya fara bin ƙarami da wasa, amma da ƙaramin ya yi ƙara ya zura da gudu sai ya zame masa zomo, ya cafke shi ya girgiza, kafin a ankara an yi hasara. Wannan ba mugunta ba ce, kuma tana iya fitowa daga karen da bai taɓa faɗa ba. Sa'an nan akwai canjin da shekaru ke kawowa. Tsakanin shekara 1 zuwa 3 kare yakan cika hankali, da yawa kuma daga nan sukan daina son cuɗanya da kowa, su zaɓi abokai biyu ko uku. Ubangijin da bai gane haka ba yakan ci gaba da jan karensa zuwa wurin da ya daina so, har ranar da za a yi ɓatacciya.

Dalilin da ya sa taron dandali yake da wuyar sha'ani zai ƙara fitowa in aka dubi wani kuskure da masana suka taɓa yi game da kyarkecin ƙasashen sanyi, wanda shi ne kakan kare. A 1947 Rudolf Schenkel ya buga nazarinsa kan kyarketan da aka tsare a gidan namun daji na Basel a Suwizalan, inda ya ga suna ta kokawar neman shugabanci. Daga nan ra'ayin ya bazu cewa haka dabbar take, David Mech ma ya ƙarfafa shi a littafinsa na 1970. Amma a 1999 Mech ya dawo ya gyara maganarsa, bayan ya ga cewa a daji garken kyarkeci iyali ne kawai, uwa da uba da 'ya'yansu, kuma kokawar da aka gani ta baƙi ce da aka kulle a keji guda. Dandalin karnuka ya fi kama da kejin Basel fiye da garken daji. Don haka maganar da wasu masu karnuka ke yi, wai a bar su su daidaita kansu, ba ta da tushe, domin gobe wasu baƙin ne za su zo a sake sabon lale.

A wannan gaɓa ne farautar Hausawa take da abin cewa, domin ita ma taron sakakkun karnuka ce masu iyayengiji dabam-dabam, kuma ba ta da shinge ba ta da allo. Abin da ke riƙe ta shi ne karnukan unguwa ɗaya sun san juna tun suna 'yan kwikwiyo, suna da aiki guda a gabansu wanda ya ɗauke musu hankali daga juna, kowane mafarauci kuma ya san karensa kamar yunwar cikinsa, ya san mai bin sawu da mai gudu da mai kamu. Duk da haka inda aka fi samun tashin hankali shi ne inda ƙungiyoyin garuruwa biyu suka haɗu a kan nama guda, nan karnuka su kaure, iyayengijinsu ma su kaure. Baƙunta da rowa, watau abubuwan da allon dandali ke ƙoƙarin kawarwa, su ne dai ke ɓata farauta.

5.0 Idan Faɗa ya Kaure

Yawancin faɗan karnuka hayaniya ce ta 'yan daƙiƙoƙi, su rabu ba jini. Hatsarin yakan faɗa ne a kan mutumin da ya kai hannu wuyan kare don ya janye shi, domin a wannan hali kare ba ya bambance hannun ubangijinsa da bakin abokin gaba. Abin da ake koyarwa shi ne a fara da tsawa ko tafi, ko a sheƙa musu ruwa, ko a cusa wani abu mai faɗi tsakaninsu. In abin ya ƙi, mutum biyu su kama ƙafafun baya na kowane kare a lokaci guda, su ɗaga su ja da baya kamar masu jan baro. Daga nan sai a fitar da su duka biyu, ko da babu rauni, domin jikin kare yakan daɗe bai huce ba. A kuma duba su da kyau, saboda haƙorin kare ƙaramin rami yake bari a fata amma ya yi ɓarna a ciki.

In mutum aka ciza, nauyin abin ya danganta da ƙasar da ake ciki. A 2007 hukumomin lafiya na Amurka suka ba da sanarwar cewa sun kawar da nau'in ciwon hauka da ke yawo tsakanin karnuka, kuma wannan na daga cikin abin da ya sa sakin karnuka a dandali bai zama ganganci a can ba. A Afirka da Asiya lamarin dabam ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum wajen 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu ta hanyar kare, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 na waɗanda abin ke shafa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Rigakafinsa yana nan tun 1885 da Louis Pasteur ya fara gwada shi a kan wani yaro a Faransa, a Nijeriya kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin na karnuka. Amma da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, kusan babu mai tashi. Wanda kare ya ciza zai wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya tafi asibiti a ranar ba tare da jiran ya ga yadda raunin zai kasance ba, karen kuma a tsare shi kwana 10 ana lura da shi.